Tungar Realdo a tsaunukan Alps: yaya aka yi ta rabu da uwar garinta, kuma ina takardunta suke?

Ɗalibar_Tarihi

Assalamu alaikum malamai. Ina neman ƙarin haske a kan wata 'yar tunga mai suna Realdo, da ke kan dutse a arewa maso yammacin Italiya, dab da iyakar Faransa. Wasu rubuce-rubucen suna sa ta ƙarƙashin garin Triora a lardin Imperia. Wasu kuma suna haɗa ta da garin Briga a lardin Cuneo, alhali ita Brigar yanzu a Faransa take, har sunanta ya koma La Brigue. Wanne ne daidai, kuma yaushe aka yi sauyin? Tambaya ta biyu ita ce ta fi damuna: tunga irin wannan, wadda ba ta da majalisa ko hatimin kanta, idan mutum yana son ya rubuta tarihin mulkinta daki-daki, daga ina zai fara, kuma waɗanne takardu ne abin dogaro?

Malam_Taswira

Wa alaikumus salam Malama. Duka biyun gaskiya ne, kowanne da zamaninsa. Kafin 1947 Realdo tungar Briga ce, daga 1947 zuwa yau kuma ta Triora ce. Amma dalilin ba zai fito miki ba sai kin shimfiɗa taswira kin bi yadda ruwa ke gangarowa.

Akwai dutsen da ake kira Saccarello, tsayinsa wajen mita 2,200, babu wanda ya fi shi tsawo a yankin Liguria. Ruwan da ya sauka a kansa gida uku yake rabuwa. Na yamma yana faɗawa kogin Roya, wanda ke shiga teku a Ventimiglia. A wannan ɓangaren garin Briga yake, da tungar Morignolo. Na kudu yana bin kwarin Argentina, kuma can saman kwarin ne Realdo take, gidajenta jere a bakin wani dutse mai gangare tsaye, kimanin mita 1,000 sama da teku. Na arewa maso gabas shi ke zama kogin Tanaro mai zuba a Po, inda Piaggia da Upega da Carnino suke. Mutanen Briga makiyayan tumaki ne, ƙololuwar dutse kuwa a wurin makiyayi wurin kiwo ce idan ƙanƙara ta narke, ba ya kallon ta a matsayin iyaka. Shi ya sa ƙasar garin ta haye dutsen ta sauka ta fuska uku, tungayen kuma duk harshe ɗaya suke yi da uwar garin.

Ƙasar Nice ta shiga hannun gidan sarautar Savoy a 1388, Briga ta bi baya a farkon ƙarni na 15. Triora kuwa, wadda ke ƙasa da Realdo a kwari guda, tun ƙarni na 13 tana hannun Jamhuriyar Jenowa. Wato ɗaruruwan shekaru iyakar ƙasa da ƙasa tana ratsa kwarin Argentina ne 'yar tazara kaɗan daga gidajen Realdo. Verdeggia, maƙwabciyarta da suke harshe ɗaya, ta Triora ce, saboda haka ta Jenowa. An daɗe ana rigimar wuraren kiwo tsakanin Briga da Triora, kuma irin wannan rigima alheri ce ga mai bincike, don duk inda aka yi shari'ar gona sai an rubuta iyaka.

Faransa ta haɗe ƙasar Nice a 1793 ta kafa lardin Alpes-Maritimes, sojojinta suka kama saman Roya a 1794. A 1805 Napoleon ya haɗiye Liguria, aka ƙara yankin San Remo a cikin wannan lardin, sai Briga da Triora suka tsinci kansu a inuwa ɗaya. Bayan faɗuwarsa Nice ta koma wa sarkin Sardiniya, wato gidan Savoy, a 1814, aka kuma ba shi Jenowa a 1815. Daga nan layin da ke tsakanin Realdo da Verdeggia ya zama iyakar cikin gida.

Sai 1860. Yarjejeniyar Turin ta ranar 24 ga Maris ta ba Faransa Nice da Savoy. Mutanen Briga da na maƙwabciyarta Tenda sun kaɗa ƙuri'a a watan Afrilu tare da sauran, kuma Faransa suka zaɓa, amma aka bar garuruwan biyu a hannun sarkin Sardiniya, wanda ya zama sarkin Italiya a 1861. Ana yawan cewa don dajin farautar Sarki Vittorio Emanuele II aka yi haka. Ni dai na fi gamsuwa da dalilin soja: mashigin Tenda ƙofar shiga yankin Piemonte ne, kuma ba a ba maƙwabci ƙofa haɗe da makulli. Tunda uwar lardin, wato Nice, ta tafi, sai aka liƙa Briga da lardin Cuneo. Daga nan ne kike ganin "Realdo, Briga Marittima, Cuneo". An ƙara kalmar Marittima ne don a bambanta ta da wasu wuraren masu wannan suna, kamar Briga Novarese.

Abin da ya tsaga garin shi ne yarjejeniyar zaman lafiya ta Faris, wadda aka sa wa hannu ranar 10 ga Fabrairu 1947, ta fara aiki 15 ga Satumba. Sashe na 2 ya ja sabuwar iyaka, a wannan wurin kuma ta bi ƙololuwar dutse. Garin Briga da Morignolo suka koma Faransa, aka tabbatar da haka da ƙuri'ar raba-gardama ranar 12 ga Oktoba 1947, domin tsarin mulkin Faransa na 1946 ya hana ƙara ƙasa ba tare da yardar mazaunanta ba. Sauran tungayen huɗu suka wayi gari a Italiya babu sakatariya, babu magajin gari. Piaggia da Upega da Carnino aka haɗa su aka kafa sabuwar ƙaramar hukuma, Briga Alta, hedikwatarta a Piaggia, tana lardin Cuneo har yau, kuma tana cikin mafi ƙarancin jama'a a duk Italiya, mutum 'yan gomomi ne. Realdo kuwa, da yake kwarinta kudu ya buɗe, aka miƙa ta ga Triora, garin da ta yi ƙarnuka tana jayayya da shi.

Ki dubi yadda abin ya juye. Layin da ya daɗe yana iyakar ƙasa, tsakanin Realdo da Verdeggia, ya goge kwata-kwata. Hanyar da mutanen Realdo ke hawa ta mashigin Collardente su sauka garinsu don biyan haraji ko rajistar haihuwa, ita ce ta zama hanyar ƙetare iyaka.

Hajiya_Rajista

Malam ya gama da jerin mulki, bari in ɗauki tambaya ta biyu. Ƙanwata, ki fara da sanin cewa tunga ba ta da akwatin takardu na kanta. Abin da Italiyawa ke kira frazione ɓangare ne na ƙaramar hukuma, wato comune, kuma sunanta ba ya fitowa a bangon fayil, sai a cikinsa. Saboda haka ba Realdo za ki nema a kundin gidan adana takardu ba. Wanda ke riƙe da ita a shekarar da kike so, shi za ki nema.

Ki zana jadawali mai gida bakwai: daga wace shekara, zuwa wace shekara, ƙasa, lardi, ƙaramar hukuma, yadda aka rubuta sunan, da dokar da ta kawo sauyin. Gidan ƙarshen nan shi ne ma'auni. Duk layin da ba ki samo masa doka ko yarjejeniya mai kwanan wata ba, ki bar shi da fensir. A ɓangaren Italiya ana buga irin waɗannan dokoki a jaridar gwamnati, Gazzetta Ufficiale, hukumar ƙididdiga ta Istat kuma tana da jerin duk ƙananan hukumomin da aka kafa ko aka soke ko aka yi wa gyaran iyaka tun daga 1861. A ɓangaren Faransa akwai Journal officiel da kundin lambobin garuruwa na hukumar ƙididdiga ta Insee. Lambobin kansu suna ba da labari: na lardin Alpes-Maritimes suna bin harafi har zuwa 06161, sai ki ga La Brigue 06162, Tende (wato Tenda) 06163, a can wutsiya. Garin da lambarsa ta karya jerin haruffa, ko dai daga baya ya shigo, ko an sauya masa suna.

Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ita ce ta fi nuna wanda ke mulki a aikace, don takardar yarjejeniya tana iya cewa abu kaza, amma wanda ya riƙe alƙalami ranar da aka kawo jariri shi ne hukuma. Tun 1563 majalisar cocin Katolika ta Trento ta wajabta wa limaman coci rubuta baftisma da aure, a 1614 aka ƙara mutuwa da jerin mutanen kowane gida. Wannan jerin na gida-gida ya fi komai amfani ga tunga, domin sau da yawa unguwa-unguwa ake bi. Zamanin Faransa rajistar ta koma ofishin magajin gari, da Faransanci, kuma har ƙarshen 1805 da kalandar juyin juya hali ake sa kwanan wata. Shekarar wannan kalanda a ƙarshen Satumba take farawa, don haka kowace shekara tata ta hau shekara biyu na kalandar yau. Nan mutane da yawa ke zamewa da shekara guda. Bayan 1814 aka koma wa litattafan coci da Latin. Daga 1838 limamai suka riƙa cike fom bugagge da Italiyanci, kwafi biyu. Ranar 1 ga Janairu 1866 Italiya ta fara rajistar gwamnati, ita ma kwafi biyu: ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukuma, ɗaya a kotu.

Kwafi biyun nan su ne mafita idan iyaka ta raba gari. Ɗauki yaron da aka haifa a Realdo a 1930. Takardarsa za ta ce Briga Marittima, lardin Cuneo, ba za ta ambaci Triora ba. Sakatariyar da aka rubuta shi yanzu tana Faransa, kotun da ke karɓar kwafi na biyu kuma tana Italiya. Saboda haka da sunan Briga Marittima za ki nema, a gidan adana takardu na lardin Alpes-Maritimes da ke Nice da kuma na gwamnati da ke Cuneo. Na zamanin sarakunan Savoy ki ƙara da na Turin. Na bayan 1947 kawai ne ke bin layin Triora da Imperia. Ki kuma bincika ko an taɓa buɗe ƙaramin ofishin rajista a tungar kanta, don dokar Italiya ta yarda da haka ga tungayen da ke nesa, irin waɗanda ƙanƙara ke yanke wa hanya.

Tarkon da ya fi cin mutane shi ne ƙidaya. Italiya ta fara a 1861, tana yi duk shekara goma har 2011, ban da 1891 da 1941, ta kuma yi wata ta musamman a 1936. Ƙidayar Faransa ta farko da ta haɗa da La Brigue ita ce ta 1954. Idan kika ajiye adadin Briga Marittima na 1936 kusa da na La Brigue na 1954, za ki ce annoba aka yi. Mutane sun yi ƙaura, gaskiya ne, amma wani kaso na raguwar tungaye huɗu ne da aka cire daga lissafi. Haka adadin Triora na 1951 ya haɗa da Realdo, na 1936 bai haɗa ba, sannan tun 1903 Molini di Triora ta balle daga Triora. Kada ki kwatanta adadi biyu sai kin tabbata ƙasa ɗaya aka ƙirga. Ki nemi kundin ƙidaya da ya rarraba jama'a tunga-tunga.

Batun suna kuma: masu garin Reaud suke cewa, Briga kuma Ra Briga, Morignolo ta zama Morignole da Faransanci. Kuma lardin Imperia sunansa Porto Maurizio ne har 1923. Wanda ya rubuta "Realdo, Imperia, 1900" ya yi kuskure biyu a kalma uku.

Ɗalibar_Tarihi

Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya, yanzu kan ya waye. Saura abu biyu. Tunda ƙasar garin guda ce kafin a tsaga ta, dazuzzuka da wuraren kiwon da jama'a suka mallaka tare, wa ya tafi da su? Su kuma mutanen, an tambaye su ƙasar da suke so ne, ko inda iyaka ta same ka nan ka zama?

Tsohon_Safiyo

'Yata, a nan gizo ke saƙa. Abu uku ne da ake yawan cakuɗawa: ƙasar da ke da iko da wuri, wanda ya mallaki wurin, da wanda ke da haƙƙin cin amfaninsa. Yarjejeniya tana sauya na farko a rana ɗaya. Na biyu da na uku ba sa bin ta kai-tsaye. Mutum na iya zama a Italiya, fegin ciyawarsa yana Faransa, yana biyan harajin fili can.

Filin mutum ɗaya ba shi da wuya, yana nan nasa. Wahalar tana kan dukiyar gari, wadda a ƙasar dutse ita ce mafi yawa, domin gonakin da ake iya nomawa 'yan tsiraru ne a kan matakalar duwatsu, sauran duk daji ne da hurumin kiwo. Masu rubuta yarjejeniyar 1947 sun san da wannan. Rataye na 14, sakin layi na 18, ya ce Italiya da ƙasar da ta karɓi yanki su yi yarjejeniya don raba kadarorin duk ƙaramar hukumar da iyaka ta tsaga, bisa adalci. Faransa da Italiya ba su daidaita da kansu ba, sai da maganar ta je gaban kwamitin sasanci na ƙasashen biyu, wanda ya yanke hukunci a 1953. Wannan hukunci ya shiga jadawalin da Hajiya ta ce ki zana, a layi na kansa, domin ranar da iyaka ta sauya daban, ranar da aka san mai daji daban, shekara shida ne tsakani.

Akwai kuma inda tunga ke da dukiyar kanta ko da ba ta da majalisa. A Italiya ana kiran haƙƙin kiwo da saran itace na jama'a usi civici. Dokar 1927 ta tsara shi, ta 1957 ta ba mazauna tunga damar zaɓen kwamitin da zai kula da dukiyar tungarsu dabam da ta ƙaramar hukuma, ta 2017 kuma ta ƙara tabbatar da mallakar gama-gari. Faransa tana da makamancinsa, section de commune, sai dai dokar 2013 ta hana kafa sababbi. Idan tungar da kike bincike tana da irin wannan, to tana da litattafan taro da na kuɗi da sunanta, kuma su ne kaɗai takardun mulki da za ki samu tungar tana magana da bakinta.

Rajistar filaye kuma ki yi hattara da lamba. Ta Italiya, wadda dokar 1886 ta kafa, tana gane fili da abu uku: sunan ƙaramar hukuma, lambar shafin taswira, lambar fegi. Ta Faransa, wadda ta samo asali daga dokar 1807, tana amfani da harafin sashe da lambar fegi. Idan tunga ta koma wata ƙaramar hukuma, lambar shafin tana iya sauyawa, don sabuwar uwar tana da nata jerin. Fegi na 212 a tsohuwar takarda ba lallai ne ya zama fegi na 212 a ta yau ba. Ki ɗora tsohuwar taswira a kan sabuwa, ki daidaita su da abin da ba ya motsi: mahaɗar rafuka, coci, tsohuwar hanyar alfadarai. Kada ki dogara da gefen daji, shekara hamsin kawai ya isa daji ya cinye gonar da aka bari. Idan da hali a hau a ga duwatsun iyaka, suna ɗauke da lamba, da harafin F a fuska ɗaya, I a ɗayar.

Batun mutane yana sashe na 19 na yarjejeniyar 1947. Duk ɗan Italiya da mazauninsa na dindindin yake cikin yankin da aka miƙa a ranar 10 ga Yuni 1940, ranar da Italiya ta shiga yaƙi, ya zama ɗan sabuwar ƙasar. Wanda Italiyanci ne harshen da ya saba da shi an ba shi shekara guda ya zaɓi riƙe Italiya, amma ƙasar da ta karɓi yankin tana da ikon ta ce ya tashi. Mazaunan Realdo ba su shiga wannan ba, don ƙasarsu ba a miƙa ta ba. Sai dai ki lura, mazauni ake dubawa, ba mahaifa ba. 'Yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya, haifaffun Realdo: wanda ya zauna gida ɗan Italiya ne, wanda ya koma cikin garin Briga kafin waccan ranar ya zama Bafaranshe in bai zaɓi akasin haka ba.

Malam_Taswira

Ina da 'yan gyare-gyare a kan bayanina na farko, kada ya ɓatar da ke. Na ce iyaka ta bi ƙololuwar dutse, haka ne a wajen Saccarello, amma kada ki mai da shi doka. Kogin Roya ɗin nan samansa Faransa ne, ƙasansa Italiya, iyaka ta yanke shi a tsakiya. A can ma an tsaga wata ƙaramar hukumar a 1947: tungayen Piena da Libri aka cire daga Olivetta San Michele aka haɗa da Breil-sur-Roya.

Na biyu, ki kiyayi sa matakin mulki a zamanin da babu shi. Liguria da Piemonte tsofaffin sunaye ne, amma majalisunsu na yanki sai 1970 aka fara zaɓa. Dokar 1971 ta kafa ƙungiyoyin ƙananan hukumomin kan dutse, comunità montane, Liguria ta soke nata a 2011, saboda haka wannan mataki a jadawalin Realdo yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. A ɓangaren Faransa, La Brigue tana gundumar zaɓe ta Tende har 2015, sannan ta koma ta Contes.

Sai takardun shaida na zamani. Wata dokar Italiya ta 1989 ta ce 'yan ƙasar da aka haifa a garuruwan da aka miƙa bayan yaƙi, a rubuta musu sunan garin da Italiyanci kawai, kada a ambaci ƙasar da yake ciki a yau. Don haka idan kika ga katin tsoho ɗauke da Briga Marittima ba tare da sunan Faransa ba, ba mantuwar magatakarda ba ce. Kuma katin shi kaɗai ba zai gaya miki ko a cikin gari aka haife shi ko a Realdo ba. Sai kin koma ainihin shafin rajistar, inda ake rubuta unguwa da gidan da aka yi haihuwar.